A Doron Ƙasa

Shafi na 31

Masu bina har akwatin saƙo da "ina ci gaban labarin, ina ci gaban labarin", to ga shi, ku sarara mini haka nan. Wadda ta roƙe ni in tausaya wa Hajiya Sa'a kuma, ki yi haƙuri, yau ma ba ranarta ba ce.

*

Ƙamshin turaren ne ya riga sallamar shigowa falon.

Hajiya Sa'a na zaune a kan darduma, ta idar da la'asar ke nan. Wata uku da 'yan kwanaki da rasuwar mijinta Alhaji Muhammadu Lawal, tana cikin takaba: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Duk faɗin Kazaure kuwa mace ɗaya ce za ta yi wanka da turare ta shigo wa mai takaba, ita ce Hajiya Baraka, ƙanwar marigayin.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Hajiya."

Baraka ta shigo cikin leshi ruwan zuma, awarwaro na kuka a hannunta. A bayanta Khairiyya ce, 'yar Hajiya Sa'a ta cikinta, wadda ke auren Musaddiƙ ɗan Barakar. Ta rungume kwamfuta a ƙirji, ta gaida uwarta ba tare da ta ɗago ido ba.

"Ya ƙarin haƙuri?" in ji Baraka, tana zama a kujerar Alhaji, wadda tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa zama a kai.

"Da godiya."

"Cewa na yi tunda ba kya fita, bari mu kawo miki zaman har gida. Ki ɗan sha iskar teku ko da a hoto ne. Khairiyya, buɗe mana."

Zaman shirin tafiya take nufi. Shekara tara a jere, duk ƙarshen shekara sai Alhaji da Hajiya Sa'a sun hau jirgin ruwan nan na yawon tsibirai. Jirgi ɗaya tal, ba su taɓa canzawa ba. Mutanen gari sun yi surutu har bakinsu ya gaji, wai mutumin da ya tashi a cikin duwatsu me ya haɗa shi da teku. A tafiya ta biyar Baraka ta maƙale musu, kafin a ankara ta zama ita ce shugaba, har ta janyo ƙawayenta biyu, ɗaya daga Roni ɗaya daga Babura. Tafiya ta goma tun bara Alhaji ya kama musu ɗaki, ta watan Disamba.

Khairiyya ta buɗe kwamfutar, ruwa shuɗi ya cika fuskar.

"Gwaggo, tafiya biyu suke da ita. Ta Nuwamba za ta bi Mauritius, Seychelles, da Zanzibar. Ta Disamba kuma har da Maldives."

"Cire mini Maldives ɗin nan. Sau biyu muna zuwa, me muka gani? Yashi da ruwa. Ko kasuwar kirki babu. Ni ban bar gidana don in je kallon kifi ba."

"To."

"Ɗaki kuma hawa na tara, tsakiyar jirgi, mai baranda. Kada su kuskura su kai ni goshi. Bara a goshi aka sa ƙawata Hajiya Ma'u, kwana biyu tana amai. Kuma ki duba abin da ke samanmu, in ɗakin rawar nan ne ban so. Ba za a yi ta daka a kaina ba."

"An gama, Gwaggo."

"Teburin cin abinci na kusa da taga, zaman farko, ba na biyu ba. Ki tuna musu mu masu katin zinare ne, ba baƙi ba. Sannan ki rubuta musu zancen tuwona."

Ta juyo ta kalli Hajiya Sa'a tana murmushi.

"Kin tuna tuwon nan, matar Yaya? Tuwon shinkafa miyar kuka a tsakiyar teku! Har da daddawa. Duk wanda na ba wa labari a garin nan sai ya ce ƙarya nake."

"Na tuna," in ji Hajiya Sa'a a hankali. Ta ɗan gyara hijabinta. "Amma Hajiya, ai ta Disamba Alhaji ya kama mana."

"Yaya ya tafi inda ba a kama ɗaki. Allah ya ji ƙansa. Mu da muka rage mu za mu zaɓa, kuma na riga na sa an matso da ita. Ran sha uku ga Nuwamba za mu tashi daga Kano."

Ta ɗauko wayarta, ta shafa fuskar da ɗan yatsa, ta yi wani dogon tsaki na ƙarya.

"Kai, kai, kai. Dubi wani abin haushi. Yaya ya rasu biyar ga Yuli. Wata huɗu da kwana goma, sha biyar ga Nuwamba ke nan za ki fita takaba. Kwana biyu kacal! Wallahi na ji miki takaici. Ba komai, za mu turo miki hotuna."

Carbin da ke hannun Hajiya Sa'a ya tsaya.

Ba tsibiri take so ba, ba iska ba. Ita da ko a baranda ba ta iya tsayawa sai ta runtse ido. Ɗanta ne a cikin jirgin nan.

Shekara goma sha huɗu ke nan da Zaharadeen, ɗanta na fari, ya ja Muhammad Auwal, ɗan farin Baraka, zuwa dam. Samari ne 'yan shekara ashirin. Zaharadeen ya iya ruwa, Auwal bai iya ba. Ya yi ta tsokanarsa da matsoraci, matsoraci, har Auwal ya cire riga ya shiga. Sai washegari aka fito da gawarsa. A zaman makokin, Baraka na birgima a tsakar gida, Alhaji ya ɗauki Alƙur'ani a gaban dangi ya ce ya rantse ba shi ba ƙara haɗuwa da yaron nan a doron ƙasa. Zaharadeen ya bar gari, dangi suka shafe sunansa.

Shekara biyar Alhaji yana ramewa. Ran da labari ya iske shi a ɓoye cewa yaron yana aikin kuku a wani jirgin ruwa, sai ya dubi matarsa ya ce, "Sa'a, ƙasa na ce. Ban ce ruwa ba."

Abin da ya kai su teku ke nan. Kullum bayan sallar asuba sukan haɗu da shi a can bayan jirgi, wajen da ba kowa, minti ashirin, kafin ya koma kicin.

Kuma har yau Zaharadeen bai san ubansa ya rasu ba. Lambarsa a wayar Alhaji kaɗai take, wayar kuwa an haɗa ta da kayan mamaci an kulle sai ranar rabon gado. Wa za ta tambaya ba tare da ta tona asiri ba? Ga saƙon da Alhaji ya bar mata a gadon asibiti, wanda ya ce baki da baki za ta faɗa masa. Jirgin nan ne kaɗai hanyarta.

Ta ja numfashi. Ta dubi Baraka sosai, karo na farko tun shigowarta.

"Hajiya, da wane wata kika ƙirga?"

"Kamar yaya da wane wata? Ga shi nan a waya."

"Watan gwamnati ke nan."

"To da?"

"Takaba ba da watan albashi ake yin ta ba. Da na sama ake yi."

Khairiyya ta ɗago kai da sauri.

Hajiya Sa'a ta ɗaga yatsunta, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Alhaji ya rasu ranar cika-ciki, goma ga Muharram. Kina nan, ke kika ce a raba wa masu gaisuwa abincin da aka dafa. Goma ga Safar, ɗaya. Goma ga watan Mauludi, biyu. Goma ga na bayansa, uku. Goma ga Jimada Awwal, huɗu. A ɗora kwana goma, ashirin ga Jimada Awwal. Khairiyya, duba mini ran nawa ya kama a naku."

Khairiyya ta danna kwamfutar.

"Sha... sha ɗaya ga Nuwamba, Mama."

"Sha ɗaya. In wata ya yi nauyi, sha biyu. Ran sha uku ina da lalle a ƙafata, Hajiya. Na gode da kika matso mini da tafiyar."

Jama'a, ku zo ku ga fuskar Hajiya Baraka! Mace ta yi aikin Hajji sau huɗu, Umara ba adadi, amma shekara talatin a sakatariyar ƙaramar hukuma sun sa ba ta san wani wata ba sai wanda ake biyan albashi a ƙarshensa. Ta zauna ta shirya muguntarta tsaf, kalandar bature ta kayar da ita. Ta sake kallon wayar kamar wayar ce ta ci amanarta.

Da Hajiya Sa'a ta san abin da zai biyo baya, da ba ta yi wannan ɗan murmushin ba.

Baraka ta ajiye wayar a hannun kujera. Ta zare awarwaronta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a jaka. Da ta sake magana, duk zaƙin nan ya fita daga muryarta.

"Kin iya lissafi, matar Yaya. To ƙirga mini wannan. Sau nawa na ci tuwon nan?"

Murmushin Hajiya Sa'a ya ɗauke.

"Wane... tuwo?"

"Tafiya biyar. Kowace tafiya kwana goma sha biyu. Ina zaune ina lashe hannu, ina cewa a kira mini kukun in yi masa kyauta, ku kuna ce mini wai ba a barin ma'aikata su fito. Na zagaye garin nan ina tutiya, wai bature ya iya miyar kuka. Ashe hannun da ya tura mini ɗa ruwa, shi yake tuƙa mini tuwo."

"Hajiya..."

"Kina kallona ina ci! Ke da Yaya! Kuna miƙo mini man shanu!"

Ta zura hannu a jaka ta fito da wata baƙar waya mai tsagaggen gilashi a gefe. Hajiya Sa'a ta gane ta tun kafin ta gama fitowa. Wayar Alhaji ce.

"Ina kika samu wannan?"

"Ɗana ne ke riƙe da makullin ɗakin. 'Yarki ce ta san lambobin buɗewa."

Hajiya Sa'a ta juya a hankali.

"Khairiyya?"

Khairiyya ta sulale daga kujera ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Mama, wallahi ban san abin da ke ciki ba. Cewa ta yi hotunan Baba take so. Sai da na buɗe muka ga..."

"Tun yaushe?"

Khairiyya ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. Tun yaushe?"

"Tun... tun sadakar bakwai."

"Wata uku. Kullum kina zuwa gidan nan kina gaishe ni. Kina ganin ba na barci, ba na cin abinci. Kin san ɗan'uwanki na raye, kin san inda yake, kika yi shiru."

"Ta ce in na faɗa, ranar zan bar gidan Musaddiƙ, kuma ba da 'ya'yana ba. Mama, ki yafe ni..."

Hajiya Sa'a ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kau da kai kawai, abin ya yi mata ciwon da ba ta da bakin faɗa.

Baraka na shafa wayar.

"Kin san da wane suna Yaya ya ajiye shi? 'Mai Kifi.' Dattijo da furfura, yana ɓoye lamba kamar saurayi. A doron ƙasa! Ni za a yi wa wayo da Hausa? A gabana ya dafa Alƙur'ani. Gawar yarona ko sanyi ba ta gama yi ba. Na ce ko ba komai ɗan'uwana ya tsaya mini, ya ji zafin da na ji. Da wannan na rayu shekara goma sha huɗu. Ashe shi yana can yana neman ƙofa a cikin kalma."

"Ɗansa ne, Hajiya. Ya yi ƙoƙari, ya kasa."

"Nawa fa? Ɗan akuya ne?"

"Ƙaddara ce. Yara ne, wasa suke..."

"Auwal!"

Baraka ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko yana raye ko bayan ransa, don kunya irin ta gidansu. "Babba" take cewa. Yau ta kira shi da ƙarfi har muryarta ta tsage.

"Auwal sunansa! Ba 'yara' ba! Da yanzu yana da shekara talatin da huɗu. Da ina da jikoki daga gare shi. Ke kina zuwa kina shafa kan naki duk shekara, ni sai dai in aika a yi wa kabari shara."

Hajiya Sa'a ta rarrafo daga kan dardumar. Mace mai shekara sittin, uwar gida, wadda ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai mijinta da iyayenta. Ta kai hannu za ta kama ƙafar Baraka.

Baraka ta janye ƙafar.

"A'a, kada ki taɓa ni. Turare ne a jikina, kada ki shafa takabarki ta lalace."

"Na roƙe ki don Allah. Mun yi miki laifi, na yarda. Ki yi mini duk abin da kika ga dama. Ki ba ni wayar nan minti ɗaya kawai. Bai san ubansa ya rasu ba."

"Na sani."

"Akwai saƙo a wurina. Sati ɗaya kafin Alhaji ya kwanta, ya ciyar da miskinai goma, ya yi kaffarar rantsuwar. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce, ki gaya wa yaron nan na warware, ya dawo gida, na yafe masa duniya da lahira. Maganarsa ta ƙarshe ke nan kafin shahada. Amana ce a wuyana, Hajiya."

"Ya yafe." Baraka ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shi ya yafe. Ɗansa aka kashe da zai yafe?"

"Ki bar ni in sauke..."

"Ai ba ki da damuwa. Suna gaisawa da babansa kullum."

Hajiya Sa'a ta ɗago.

"Me kika ce?"

"Kullum da safe sai ya turo. Yaro mai ladabi. Bari ki ji." Ta gyara tabarau, ta shiga karantawa da wata siririyar murya ta kwaikwayo. "'Baba, barka da asuba, ya jikin Mama?' Sai in ce masa, lafiya lau, Allah ya yi maka albarka. 'Baba, na kira ba ka ɗauka ba.' Sai in ce, maƙogwaro ke damuna, likita ya hana ni magana. 'Allah ya ba ka lafiya, Baba, na yi maka sadaka a Zanzibar.'"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Wata uku yana gaida kabari, kabari na amsawa."

"Ba ki ji tsoron Allah ba, Baraka? Da bakin mamaci?"

"Ku kun ji, da kuka sa ni cin tuwonsa?"

Khairiyya na kuka ƙasa-ƙasa. Wannan karatun ita ma yau ta fara jin sa, ta ɗauka ajiye wayar kawai aka yi.

"Niyyata," in ji Baraka, "in je ni kaɗai, ba ke. Ya fito bayan jirgin da asuba yana washe baki zai ga babansa, ya tarar da ni zaune. In gaya masa da bakina, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Wannan kaɗai nake so a duniya. To kin ɓata mini da watanki na sama."

"Na fasa! Wallahi na fasa tafiyar. Ki je ke kaɗai. Ki ba ni shi a waya kawai."

"Kin makara. Ni ma haƙurina bai kai Nuwamba ba." Ta sake shafa wayar. "Jiya da yamma ya turo wannan. Saurara da kyau, albishir ne. 'Baba, an ƙara mini girma, na zama babban kuku. Kuma akwai wata yarinya a Zanzibar, 'yar mutunci ce, mahaifinta limami ne. In kun zo ina so ku gan ta, in ka amince. Baba, ko zan iya sa rai wata rana in kawo ta gida?'"

Ta sauke tabarau. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, hawaye na gaske ne a ciki.

"Aure zai yi. Gida zai kawo ta. A yi kiɗa a layin nan, in zo in kama amarya. Na karanta sau uku, na ji kamar yau aka fito da Auwal daga ruwa."

"Me kika ce masa?"

"Babansa dai ya ce masa."

"Me kika rubuta, Baraka!"

Baraka ta miƙo wayar daidai fuskarta, amma ba ta saki ba. Hajiya Sa'a ba ta ganin ƙananan rubutu sai da tabarau. Khairiyya ce ta matso da gwiwa, ta karanta, ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Karanta mata," in ji Baraka.

"Gwaggo, don girman Allah..."

"Karanta, ko in karanta da kaina."

Khairiyya ta karanta.

"'Na yi tunani. Shekara tara ina yaudarar kaina. Rantsuwata ta haɗa da ruwa. Mai kisan kai ba ya aure, ba ya gida. Ni da uwarka mun cire ka daga cikin 'ya'yanmu. Ban yafe maka ba, kuma ba zan yafe ba har in mutu. Inda ka kai ɗan mutane, can ya dace da kai.'"

Hajiya Sa'a ba ta yi ihu ba. Wani sauti ne ya fito daga ƙirjinta, ƙarami, irin na wanda aka taka wa ciki. Ta san ɗanta. Ta san shekara goma sha huɗu bai yafe wa kansa ba, albarkar da ubansa ke sa masa a bayan jirgin nan ce kaɗai ke riƙe da shi.

"Ya... ya ba da amsa?"

"Ya dai karanta," in ji Baraka. "Ga alama nan ta yi shuɗi. Yau ko barka da asubar ban samu ba. Ka ga rashin tarbiyya."

Ba wanda ya zaci abin daga Khairiyya. Yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da surukarta, sai ga ta ta yi wuf ta fizge wayar, ta yi bayan kujera da ita.

"Ke! Ba ni nan! Wallahi yau za ki kwana a gidan ubanki!"

"In kwana, Gwaggo."

Ta danna kira, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Hajiya Sa'a ta dafa bango ta miƙe.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya.

Sau biyu.

"Ɗauka, ɗan albarka," Hajiya Sa'a ke faɗa. "Ɗauka, ni ce. Ɗauka ka ji."

Sau biyar. Sau shida.

Aka ɗauka.

"Yaya Deeni! Yaya Deeni, Khairiyya ce, ga Mama, saƙon nan ba Baba ne ya..."

Muryar da ta amsa ba ta Zaharadeen ba ce. Wani namiji ne, da Turanci, yana magana a hankali kamar mai zaɓen kalmomi. A bayansa ana jin hayaniya da ƙarar na'ura. Hajiya Sa'a ba ta jin Turanci sosai, amma ta tsinci sunan ɗanta sau biyu. Baraka kuwa tana ji sarai. Ta tsaya cak da hannunta a miƙe, bakinta a buɗe.

Khairiyya ta amsa da kalma biyu uku. Mutumin ya ci gaba. Ta jingina da bango, ta fara zamewa ƙasa.

"Me ya ce?" Hajiya Sa'a ta kama kafaɗarta ta girgiza. "Waye wannan? Ina yaron? Ki ce su ba shi!"

"Wani babba ne a jirgin, Mama. Ya ce dama suna neman danginsa."

"Don me? Ba shi da lafiya? Yana ina?"

"Ya ce bai fito aiki da asuba ba. Wayar a kan gadonsa suka same ta."

"To su duba ɗakunan mana! Jirgin ai gari ne guda! Su duba kicin, su duba masallaci, su duba bayan..."

"Sun duba, Mama."

Khairiyya ta ɗago, ta kalli uwarta, ta kalli Baraka.

"Ya ce sun juyo da jirgin tun hantsi. Ruwa suke dubawa."